Farar Wuta a Hantar Rago

Ni karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, amma kunnena har yau bai daina zuwa makaranta ba. Ko ina can ƙuryar kicin ina tuƙa tuwo, in an yi magana a tsakar gida sai ta zo ta same ni. Wannan kunnen ne ya so ya hana maigidana karyawa ranar Babbar Sallar bara.

Autarmu tana jami'a a nan Keffi, tana karatun sinadaran jikin mutum. Ana gab da Sallah ta zauna gindin mangwaronmu da wata ƙawarta 'yar Sabon Gari suna bitar jarrabawa, rabi Turanci rabi Hausa. Ina tsince shinkafa na ji wani dogon suna, salfotiransfares, wanda sai da na yi kwana da kwanaki kafin harshena ya iya hawansa. Sai na ji "hanta". Na ji "farar wuta". Na ji "ƙonannen nama", daga nan sai "ciwon daji". Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta cinye sauran.

To ni na san farar wuta. Ita ce abar nan mai ruwan ɗorawa da masu magani ke sayarwa don ƙaiƙayi, ita kuma kakana maharbi yake dakawa cikin albarushi. Ashe hanta cike take da kayan bindiga muna ta ci! Ga shi Malam, maigidana, tun da na san shi ba ya sa komai a baki ranar layya sai hantar ragonsa, kuma sai ta gasu ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba zan bari ya kashe kansa ina kallo ba, wa zai riƙa yi mini musu?

Ranar Sallah aka sauko Idi, aka yanka ragon da ya sayo wajen wani Bafulatani can hanyar Panda. Mai fiɗa yana ciro hantar na ɗauke ta, na tsoma a bokitin ruwa, na rufe da faifai, na jawo kujera na zauna na dafe. Wuta dai ruwa ne maganinta, fara ce ko ja.

Malam ya hura gawayi da kansa, ya daka yajinsa, ya feƙe tsinke.

"Hajiya, ina hantar?"

"Tana hutawa."

"Hutawa? Aikin me ta yi?"

"Malam, ka ci ƙoda mana. Ko tumbi. Tumbin nan ya yi kyau bana."

"Tun asuba ko ruwa ban kurɓa ba, ki ce in karya da tumbi? Me kika rufe a bokitin nan?"

"Rayuwarka nake rufewa."

Ya tsaya da tsinke a hannu yana kallona. Sai ya ɗaga murya: "Auta! Fito ki ga uwarki tana gadin bokiti."

Da na zayyana mata abin da na ji, yarinyar nan ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Na ce ta gama ta yi mini bayani, ai ba ni na ce a yi karatu a tsakar gida ba.

"Umma, ba hantar rago ba, hantarmu ce. Salfotiransfares ɗin nan kamar ɗan shara ne a cikinta. In datti ya shigo jiki sai ya liƙa masa ɗan guntun farar wuta, don ya narke ya bi fitsari ya fita. Aikin alheri ne. Amma akwai wani datti da ke cikin baƙin naman da ya ƙone, shi in aka liƙa masa, maimakon ya fita sai ya haukace, ya je ya taɓa ƙwayoyin halitta. In abin ya yi yawa, ya daɗe, yana iya jawo ciwon daji."

"Wato ɗan sharar ne munafuki," in ji Malam.

"A'a Baba, shi aikinsa yake yi. Kai ne kake aika masa gawayi."

Na ce, "To ka ji! Ashe dai da gaskiyata."

"Gaskiyarki ta jiƙa mini hanta," ya ce.

Aka ciro ta daga bokiti ta yi fari fat kamar wadda ta ga aljani. Auta ta baza garwashin, ta ɗaga wayar gashi sama, tana juyawa a kai a kai har ta nuna ba tare da ta ƙone ba. Wani gefe ɗaya ne ya ɗan yi baƙi, Malam ya miƙa hannu da sauri, ni kuma na riga shi da wuƙa na kankare.

Ya yi bismilla ya ci. Ya tauna ya tauna, yana kallon sama.

"Ba ta da ɗaci," ya ce, kamar mai ba da labarin rasuwa.

Sai ya jawo farantin gabansa ya cinye tas, ko yanki ɗaya bai rage mana ba.