Furen da Ya Ɓoye Ciwon Yayata

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ranar da haƙorin yayata ya fita a cikin tsokar rago tana nan daram. Gabanin babban farin nan ne, ina aure a Tsarnawa, ita kuma tana Birnin Konni, gidan wani mai fataucin atamfa. Allah ya buɗa musu. Yaya ta yi jiki har sai ta dafa bango take miƙewa, mu kuwa sai alfahari, don a lokacin ƙibar mace ita ce shaidar miji ya iya riƙo. Tana zaune bisa tabarma ake kawo mata komai, daga shayi mai madara sai alewa, sai goro. Haƙoranta kullum ja wur da furen taba, adon matan masu hali. Ni da nake yini a gona da asuwaki a baki, 'yar ƙauye mai farin baki take kirana.

A wani suna ne, muna ci kwano ɗaya. Ta gatsa nama, sai na ga ta tsaya cak. Ta tofa a tafin hannu, ga haƙori lafiyayye, ko rami babu. Ta dunƙule hannu ta ce, "Kada ki gaya ma kowa." Na ja ta ɗaki na sa yatsa a bakinta. Wallahi na gaba rawa suke kamar turken da akuya ta girgiza.

"Yaya, tun yaushe?"

"Ya daɗe. Sanyi ne, yana wucewa."

Sanyi! Washegari na tasa ta gaba sai asibiti, tana tafe tana zagina. Likita ya leƙa bakin ya girgiza kai. "Hajiya, ba ni iya rarrabe jini da fure. Ki bar shi ja ya gushe, ki komo." Ya ce ciwon a dasashi yake, zaƙi da ƙiba da zama wuri ɗaya ke rura shi, har yana zargin ciwon sukari. In ba a tashi tsaye ba, ɗaya bayan ɗaya za su zube duka.

Muna fitowa ta ce, "Ni in shiga cikin mata da farin baki? Gara in zauna ɗaka."

Nan na yi rantsuwa a raina. Wake na jiran tsinka a gona, na aika wa maigidana ya yi haƙuri, na tare gidan Yaya. Furen da ta ɓoye ƙarƙashin gado na zuba a murhu. Ta daina yi mini magana. Mijinta ya shigo da kwalin sukari, na tare ƙofa. Ya ce, "Ke, so kike a ce na gaza ciyar da ita?" Na ce, "Alhaji, in haƙoran sun ƙare, da mi za ta ci abin da kake kawowa?" Ya juya da kwalinsa.

Kullum safe ruwan ɗumi da gishiri, sai asuwaki, sai mu taka har kasuwa da ƙafa, tana haki tana kirana azzaluma. Da jan ya gushe, wata safiya ta zaro asuwakin ta gan shi jina-jina, alhali ranar ba ta taɓa goro ba. Ta daɗe tana kallonsa, sai hawaye. Ni ma na yi kuka, amma ban sassauta ba. Likita ya kankare dattin da ya daskare, ya ba da magani. Haƙori ɗaya ya riga ya yi nisa, aka cire. Sauran suka tsaya.

Bayan nan aka yi wani biki, ta ce mu je. Muna shiga tsakar gida mata suka zuba wa farin bakinta ido, don mace mai hali ba ta barin fure sai in mijinta ya mutu. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Takaba kike? Ba mu ji ba!"

Yaya ta buɗe baki sosai, giɓi a fili, ta ce, "Alhaji na nan lafiya lau, Inna. Haƙori biyu na binne, kuma ba ni binne na uku."

Tun ranar na san ado yana iya rufe ciwo har ya cinye mai shi. In kana son mutum, ka jure fushinsa ka tone abin, tun da sauran abin ceto.