Dawar Baba Ɗanlahadi da Ke Bakin Hanya

Duk wanda ya saba bin hanyar Damari da damina ya san gonar Baba Ɗanlahadi, don dawarsa kan fi ta kowa tsawo. Kaura ce, irin da ya gada daga mahaifinsa, wanda ko a shekarar yunwa bai taɓa yarda an daka shi ba. Ga shi da taurin kai. Matarsa Lidiya kan ce ko a coci gangar jikinsa kawai ke zaune, hankalinsa na gona.

Bana dawar ta fitar da kai amma ba ta ƙosa ba, sai ga Bilya, shugaban 'yan sintirin garin, da saƙo. Ɗan majalisar tarayya zai zo ranar Juma'a ta'aziyyar mutanen da 'yan bindiga suka kashe, jami'an tsaro kuma sun ce a sare duk shukar da mutum zai iya laɓewa cikinta a bakin hanya.

"Baba, ba ni na ce ba. In ba ka sare ba, mu za a sa."

"Sai na ga shi mai zuwan da idona," in ji tsohon.

Ya tafi ofishin ɗan majalisar a Sabuwa ranar Litinin, aka ce Honorabul na Ƙanƙara, ana sasanta rikicin jam'iyya. Washegari ya hau acaɓa har Faskari, ya tarar Honorabul ya buɗe rijiyar burtsatse, har an watse. Ranar Laraba a rediyo ya ji shi daga Abuja, yana ta muhawara a zauren majalisa kan yunwar da ke tunkarar manoman yankinsa. Gaskiya ya iya magana, har Lidiya ta ce Allah shi yi mashi albarka.

Da hantsin Alhamis Bilya da matasansa suka iso da adduna. Baba Ɗanlahadi ya tare su a iyaka. A gidansu ba a barin baƙon ƙarfe ya fara taɓa amfanin gona. Ya karɓi adda ɗaya, ya shiga shi kaɗai, yana sara hawaye na zuba masa. Bilya ya kau da kai don kunya.

Ranar Juma'a jerin motoci suka taho da jiniya. Ba zato sai suka tsaya daidai gonar. Honorabul ya sauko, idanunsa jajir saboda rashin barci, ya dubi ɗanyen karan da ke zube, tausayi ya kama shi da gaske. Masu ɗaukar hoto suka matso.

"Baba, sannu. Ɓarayin dajin ne suka yi maka wannan ɓarna?"

Tsohon ya dubi Bilya, ya dubi sojojin da suka kewaye su.

"A'a, ranka shi daɗe. Ni na sare. An ce za ka zo mana jaje."