Goron Hajiya a Tsibirin Panya

Likita ne ya ce in huta. Ya auna jinina sau biyu, ya ce in rabu da harkar goro wata guda, in tafi inda ba wanda ya san ni. A unguwarmu ta Sabo a Ibadan kuwa ko masallaci na shiga sai wani ya raɗa mini maganar motar Shagamu. Sai na tuna da wani abokina Bakano da muka yi zaman Kumasi tare, ya koma tsibirin Panya yana sayar da yadi, ya daɗe yana aiko mini in zo.

Ana gobe zan tashi, maƙwabciyata Hajiya ta shigo da ɗan huhun goro, an naɗe shi da ganye an ɗaure tam. Ɗanta yana can yana aikin gonar koko, shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba.

"Alhaji, daushe ne, ni na zaɓe shi ɗaya-ɗaya. Ka ba shi hannu da hannu. Da wani ne sai in yi masa bayani, amma kai me zan koya maka?"

Daga Ikko na shiga jirgin ruwa. Na ga dazukan Asante, na ga na Abijan, amma ban taɓa ganin kore irin na Panya ba. Dutse guda ne ya tashi daga teku ya shige cikin gajimare, itatuwa sun lulluɓe shi har ƙasa. Ayaba a bayan kowane gida, yashin bakin ruwa baƙi kamar gawayi. Hukuma Sifaniyanci take yi, wanda ban iya ba, amma a kasuwa Turancin Buroka irin na unguwar Mokola ta Ibadan ya ishe ni.

Abokina ya ajiye mini kujera a baranda tana fuskantar teku. Ya ce yaron Hajiya yana ɗaya gefen tsibirin, sai ƙarshen wata ake sakin su, ya aika masa. In zauna in sha iska.

Rana ɗaya na iya. Washegari na zaga garin sau biyu kafin azahar, na dawo na zauna, na tashi, na leƙa jiragen kamun kifi, na sake zama. Mutumin da ya shekara talatin yana tashi da asuba ya buɗe huhu, ka ba shi teku ka ce ya kalla? Hannuna sai motsi yake yi a kan gwiwa. A ɗakin kuma ba abin taɓawa sai goron Hajiya.

Na kwance shi da sunan dubawa. Lafiya lau yake, ja da fari, ba sankara ko ɗaya. Sai na tsoma yatsu a ruwa na yayyafa masa, na mayar na ɗaure. Haka muke yi a jirgin ƙasa in mun wuce Minna, haka na yi har Hartum, inda goro ke yamutsewa cikin yini guda in ka manta da shi. A wurina in dai ana kan hanya, goro ruwa yake so.

Kullum da hantsi sai in yi. Wata rana abokina ya tarar da ni.

"Alhaji, nan ba Nguru ba ce. Rigata kwana uku ke nan a kan igiya ba ta bushe ba. Ƙyale shi ya huta, kai ma ka huta."

"Mai yadi zai koya mini goro? Je ka auna gwadonka."

Ya yi dariya ya fita. Ni ma na san iskar garin jiƙe take, takalmina har ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Na gani, amma ban haɗa shi da huhun ba. Abin da ya dame ni kawai in sami abin yi kafin azahar.

Kwana goma sha biyu, ina kwance igiya wari ya buge ni. Ganyen ya yi yauƙi, goron ya yi fari-fari da fumfuna, wasu sun yi laushi har yatsa na shiga. Na baje shi a tabarma ina tsincewa, gumi na zuba. Da ƙyar na fitar da cikin tafi biyu masu kyau.

Abokina ya ce mu je kasuwa mu cike da na garin. Muka je. Hannun-ruwa ne kaɗai, mai yauƙi, wanda ko yaro a Sabo zai gane. Ko da ma iri ɗaya ne, ba shi Hajiya ta taɓa ba. Na ce mu koma gida.

Ranar da ɗanta ya zo, dogo, ya rame, ya durƙusa ya gaishe ni da Yarbanci da Hausa a haɗe irin na 'yan Sabo. Na ajiye masa ɗan abin da ya rage a faranti, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya ɗauki ɗaya yana juya shi a hannu.

"Baba Alhaji, amma wannan ɗin ita ta zaɓa?"

Na ce ita ce. Ya fasa, ya ba ni ɓari, sauran ya ƙulle a bakin rigarsa.

Da na dawo Sabo ban shiga gidana ba sai da na tsaya wurin Hajiya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Shekara talatin! Da na sani mai yadin zan ba." Ta ce ba komai, baɗi za ta sake zaɓa, amma ba ni za ta ba ba.

Baɗin yaƙin basasa ya tashi, jirgin Panya ya daina tashi daga Ikko. Cikin tafi biyun nan shi ne abu na ƙarshe da ya isa ga yaron daga hannunta. Har yau in na ga ruwa kusa da huhu sai in tura hannuna cikin aljihu.