Shekarar da Baba Bai Zo Kirsimeti Ba

A Karmo na tashi, cikin gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Da zarar Disamba ta kama, Kaka Rahila, mahaifiyar Babana, takan fito da murhun gawayi ƙofar ɗaki bayan an ci tuwo, ta zuba gyaɗa a kasko, yaran gidan kaf mu kewaye ta. Har 'ya'yan Malam Sani mai kayan miya, da ba ruwansu da coci, su ne a sahun gaba.

A shekarar da nake magana, Baba ya ɗauki shanu a babbar mota daga kasuwar Dei-Dei zuwa kudu tun ƙarshen damina, daga nan shiru. Ladi kuwa, 'yar ɗakin da ke fuskantar namu, kullum da yamma babanta yana dawowa da burodi a leda, ya ɗaga ta sama yana juyi da ita. Tun Lahadin da aka kunna kyandir na farko na jiran Kirsimeti an riga an ɗinka mata riga. Ni rigar ba ta dame ni ba. Dariyar da take yi idan ya ɗaga ta, ita ce ke sukata a ƙirji.

Wani yammaci na fito na tarar ta zauna jikin Kaka, daidai wurina. Na ture ta.

"Ba ga babanki can ba? Har kakar tawa ma sai kin haɗa?"

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Saratu, zagayo nan, ai gefe biyu gare ni. To, ga wata tatsuniya nan tafe, kowa ya kasa kunne."

Ta ce wata tsohuwa ce ta ba 'yan mata biyu iri. Ɗaya ta samu gero, ɗaya ƙwallon giginya. Kafin damina ta ƙare mai gero ta girbe, ana ta dama fura a gidansu. Mai giginya kuwa kullum sai ta je ta tsaya kan raminta, ko tsiro babu. Kyashi ya hana ta ci, ya hana ta sha. Ta koma wurin tsohuwa tana kuka, "Kin fi son ta!" Tsohuwa ta ce, "Je ki, giginyarki ƙasa take fara yi kafin ta yi sama." Yarinya ta kasa daurewa. Ta ɗauki fartanya ta tone, sai ga muruci tsawon hannu, ashe tuni ya yi nisa. Ta dafa, ta cinye a zama ɗaya. Iyakar abin da ta samu ke nan daga bishiyar da ya kamata jikokinta su sha inuwarta.

Na ce, "Amma Kaka, me ya sa ita aka ba mai daɗewa?"

Ta daɗe tana juya gyaɗa. "Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Annabawa sun jira Almasihu har suka tsufa, amma ai ya zo. Ubangiji bai manta da ɗakinmu ba."

Sai a lokacin na tuna, wanda nake jira ɗanta ne.

Baba bai zo Kirsimeti ba. Ladi ta sa rigarta, na kalle ta ta taga. Sai dab da Ista ya shigo, a rame, yana dogara sanda. Motar ce ta kife da su, ya kwanta asibiti a garin da ba wanda ya san shi. Bai iya ɗaga ni ba. Ya zauna kan benci, na kifa kai a gwiwarsa.

Yanzu ina Dutse Alhaji da mijina. Mun daɗe da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Ladi na layin bayanmu da 'ya'ya huɗu. A da na ɗauka Kaka na nufin mai jira zai samu abin da yake so. Yanzu na ga ita kanta ba ta san ko ɗanta na raye ba, amma ta fito ta soya wa yaran mutane gyaɗa. Kyashin bai bar ni gaba ɗaya ba. Jiya Ladi ta aiko, wai ni take so in riƙe jaririyarta a coci ran Kirsimeti. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na ce a gaya mata zan zo da wuri.