Hanyar Dama da Habu Ya Gina

Ga ta nan, ga ta nanku. Na kusa ya amsa, na nesa Allah Ya kai masa.

Muna yara a ƙauye, idan an gama cin tuwo, Kaka takan tura kara cikin murhu, ni da ƙanena Habu mu matso kusa da ƙafafunta. Tatsuniyar da ta fi yi mana ta wani falke ce, wanda ya iso mararraba da jakinsa ya bi hagu. Ya shiga wani gari mai manyan gidaje, rumbuna cike, rijiyoyi cike. Ya yi sallama a ƙofar farko, shiru. Ta biyu, shiru. Mutane su dube shi, su yi murmushi, su wuce. Da ya ga abinci a wadace, sai ya sauke kaya. Shekara ta bi shekara ba wanda ya kira sunansa, har shi ma ya manta shi.

"Garin da ba a amsa sallama," in ji Kaka, "sha ruwa ka wuce."

Habu ba ya barin ta ta rufe baki. "To Kaka, da ya bi dama fa?"

"Kai dai bakinka ba ya hutawa. Ni hagu aka ba ni. In dama kake so, girma ka je ka gano mana."

Boko ya kawo Habu Amurka lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidaje, irin wadda ake jona wa talabijin. Ya zama mai haɗa wasannin da yara ke yi a cikinta. A gida in an tambaye mu sai mu ce injiniya ne, don ba a cewa mai gemu wasa ne sana'arsa. Cikinmu ba wanda ya taɓa ganin aikin da idonsa.

Sai da na tsufa 'yata ta ɗauko ni Amurka, garin Greensboro, renon jikoki. Na tarar da Habu a Pleasant Garden, wani ɗan gari kusa da mu, shi kaɗai, matarsa ta rasu, maƙwabci sai an hango shi. Mantuwa ta fara kama shi. 'Ya'yansa suka yanke shawarar sayar da gidan, a kai shi gidan kula da tsofaffi, a kwashe tarkacen gareji. Ya kafe ba mai taɓa komai sai na zo.

Ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar na'urar wasa da ta yi ja kamar haƙorin mai goro, ya miƙo mini 'yar sandar da ake sarrafa ta da ita.

"Yaya, riƙe sandar nan."

"Ni da ko rimot ban iya ba?"

"Turawa kawai za ki yi. Duk wanda ya san Kaka ya mutu, sai ke. In ba ki gani ba, ba wanda ya gani."

Wani ɗan mutum ya fito a gilashin, an yi shi da ɗigo-ɗigo, da wani abu biye da shi.

"Wannan karen fa?"

"Jaki ne, Yaya. Cikin na'urar ƙarami ne, wata guda na yi kafin in samar masa kunnuwa."

Muka iso mararraba. Hannuna ya karkata hagu da kansa, na danne shi, na tura dama. Muka yi ta tafiya, har ga wani ɗan gida, da jan abu yana motsi a ƙofarsa, da wata tsohuwa a zaune a gefe.

"Yaran da suka yi wasan nan sun ɗauka mayya ce, gudu suke yi," in ji Habu. "Na so ta yi magana, wuri ya ƙare mini." Ya matso da bakinsa kusa da gilashin. "Salamu alaikum."

Na'urar ba ta ce komai ba. Sai na kwaikwayi muryar Kaka: "Wa alaikumus salamu. Ka daɗe a hanya, Habu. Sauke kayan."



Da ina ɗauka Kaka tana ja mana kunne ne kan baƙon gari. Yanzu ina ganin ta san wasunmu za su sauke kaya a can, ko sun so ko ba su so ba, kuma mai amsawa ɗaya ma ba ƙaramin abu ba ne.

Kaka tana kwance a maƙabartar ƙauye. Gidan an sayar, na'urar wani mai tara tsofaffin kaya ya ɗauke ta. Habu yana can gidan tsofaffi, Turanci ya gudu daga bakinsa, Hausa yake yi wa ma'aikatan suna ce masa okay. Ni kuwa ba na tuƙi. Ran Asabar nakan shirya tun safe, in zauna bakin taga da mayafina, ina jiran wanda zai samu sukunin kai ni wurinsa.