Wayar Telen Mai Gari da Ɗan Tsuntsun Kaka

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ɗan garinmu ya riga ni: ni ne na yanke wayar telen farko, wato talabijin, da aka kawo mana, ba ɓera ba. Ɓera ya ɗauki laifin nan fiye da shekara arba'in bai ce uffan ba, ni kuwa har na yi furfura ina gyaɗa kai duk lokacin da aka tuno zancen a majalisa ana zaginsa. Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Amma ko da na kai aji shida ban jin zai hana ni abin da na yi, don wautata ba ta rashin karatu ba ce, tawa ce ta kaina.

Ranar kasuwar Kanan-Bakashe ce, an gama kai gero rumbu, sanyi ya fara tsaga mana dugadugai. Da hantsi kamiyon 'yan kasuwa, babbar motar ɗaukar kaya, ya tsaya ƙofar gidan mai gari, abin da bai saba yi ba. Aka sauke babban kwali, da batir, da wani baƙin faranti mai shan rana, da dogon ƙarfe mai yatsu kamar ƙashin kifi. Bayan kayan wani siririn mutum ya diro riƙe da akwatin ƙarfe. Aka ce sunansa Bitrus, daga Maraɗi aka turo shi ya haɗa wa gari telen gwamnati. Aka kuma ce, ƙasa-ƙasa, Kirista ne, sauri yake yi don sallarsu ta Nowel saura kwana uku. Kamiyon zai kwana kasuwa, da safe ya biyo ya ɗauke shi. In ya wuce kuwa, sai wani mako. Yaran gari suka yi ca a kan kayan, ni ma ina cikinsu, sai dai ni akwai abin da na kwana uku ina ɗauke da shi a ciki.

Kakata ta wajen uba, Dije, ɗakinta na jinka yana ƙuryar gidanmu. A jinkar nan wasu 'yan tsuntsaye biyu suka yi sheƙa, irin ƙananan nan da ba su gudun mutane, namijin ja daga wuya har ƙirji, macen ruwan ƙasa. Kowace safiya in ta gama tankaɗe sai ta watsa musu tsaki bakin ƙofa, ta zauna kan tabarma tana yi musu hira kamar jikoki. Ni angonta take ce mini, amma na sha gani ta fi sakin fuska ga ɗan jan nan. Takan ce, "Waɗannan baƙin Allah ne. Wanda ya taɓa su, hannunsa ba ya barin rawa." Ni kuwa shekarar ina da danƙo na robar cikin tayar keke, da na yi musaya da goruba cikin hula. Duk tsawon tsaron gona ina harbin tsuntsayen da ke cin gero, ban taɓa kaɗe ko gashin ɗaya ba, har abokaina suna cewa in tsuntsu yana son tsawon rai ya tsaya inda na auna. Wata safiya Kaka ta tafi rijiya, na ga ɗan jan a bakin turmi, na ce bari in tsorata shi. A duniya shi ne abu na farko da na harba na samu.

Na ɗauke shi da sauran ɗumi, bai kai nauyin goro ba, jini ya jiƙa jan ƙirjin ya ƙara masa duhu. Na tona ƙarƙashin rumbu na binne shi, na share sawuna da kara. Washegari Kaka ta watsa tsaki, macen ta sauko ita kaɗai. Kaka ta dubi jinka, ta dubi danga, ta ce da macen, "Ke, ina mai gidanki ya tafi?" Ni ina gefe ina shan kunu, ina satar kallon hannuna in ga ko ya fara.

Da wannan a cikina na tsaya kallon aikin Bitrus. Samari suka haƙa rami bayan zauren mai gari, aka ɗaura ƙarfen mai yatsu a kan doguwar sanda, aka tayar da ita da igiyoyi har ta wuce kan gawon ƙofar gida. Ya ɗora farantin kan soro yana fuskantar rana, ya huda bangon zaure da guntun ƙarfe, ya zura waya ta ramin. Wani dattijo, Malam Nomau, wanda ba a yin abu a gari bai sa baki ba, ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Baƙo, wanga ƙarfe mi yake yi can bisa?" Bitrus ya ce, "Baba, hoto yake kamawa. Abin da aka yi can nesa iska ta ɗauko, shi ya kama, ya zubo cikin waya, ya fito a gilashi kowa ya gani." Malam Nomau ya ce, "Har abin da aka yi jiya?" Ya ce, "Har na shekaranjiya, Baba." Aka yi dariya, wani ya ce to masu shiga gonar waken mutane su shirya. Ni ban yi dariya ba, lissafi nake yi. Yamai, babban birnin da hoton ke tasowa, an ce tafiyar kwanaki ce, gidanmu kuwa danga ɗaya ta raba shi da na mai gari. Abin da ke kamo na Yamai, ta yaya bakin turmin Kaka zai kuɓuce masa?

Ina cikin haka Bitrus ya buɗe akwatinsa zai ɗauki wani abu. A jikin murfin daga ciki akwai wani kati a maƙale. Ɗan tsuntsu ne, ƙarami, ƙirjinsa ja wur, yana tsaye kan busasshen reshe, ko'ina kewaye da shi fari fat kamar likkafani, idonsa baƙi yana dubana. Na ce shi ke nan, ko gama ɗaure ƙarfen ba a yi ba ya riga ya kama na farko, mutumin ya cire ya ajiye, da yamma zai sa shi a gilashi gaban gari. Na ga Kaka zaune cikin mata, na ga kaina ina jan danƙo. Bulalar Baba ban ma tuna da ita ba. Fuskar Kaka nake tsoro.

Da azahar maza suka tafi masallaci, aka kai baƙo cikin gida cin tuwo. Na ɗauko wuƙar da Kaka ke yanka kuɓewa da ita, na zaga bayan zaure. A nan na yi wayon da har yau ban sake yin irinsa a kan abin kirki ba. Ban yanke wayar a fili ba. Na jawo ta kaɗan daga ramin bango, na gurza har ta rabu, na mayar da bakin biyu ciki, na kwaɓa ƙasa da ruwan randar awaki na toshe. Na koma gida da hannuna yana rawa sosai, na ce to, ga shi ya fara.

Bayan magariba gari duk ya hallara, maza kan tabarmi a gaba, mata can baya, yara kan danga. Har Kaka ta zo da 'yar kujerarta. Bitrus ya murɗa maɓalli, gilashin ya kawo haske, sai wani shuu kamar ruwa a kan kwano, da ɗigo-ɗigo fari da baƙi suna tafasa. Ya sa samari suka juya sanda gabas, suka juya yamma, ba abin da ya fito. Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci. Sai gunaguni ya tashi, wani ya ce dama ya san lalatacce aka turo wa ƙauye, wani ya ce a bincika ko baƙon ya musanya. Mai gari ya miƙe ya ce ba zai dangwala yatsa a takardar Bitrus ba sai hoto ya fito. Ya ce, "Kayan gwamnati ne. In aka ce a hannunmu ya lalace, jandarma za su zo, su kuwa ba su tambaya sau biyu." Ni na taɓa ganin jandarma sun wuce da wani mutum ɗaure a bayan mota kan zancen wani bijimin sa. Nan take na ga Babana a wurin mutumin nan. Tsoro na biyu ya zo ya zauna a kan na farko, kuma duka biyun ni na jawo su.

Da safe kamiyo ya iso yana ƙaho. Bitrus ya fito da akwatinsa, mai gari yana tsaye da takarda a aljihu. Ba takarda, ba shi da abin nuna wa waɗanda suka turo shi. Direba ya leƙo ya ce ko ya hau ko ya bar shi. Bitrus ya dubi kamiyon, ya dubi sandar nan, ya ajiye akwatin a ƙasa. Muna kallo motar ta bi yashi ta ɓace bayan gonaki.

Wunin ranar ya bi wayar taku-taku, ya sauke sanda, ya sake tayarwa, bai ci abincin kirki ba. Sai wajen la'asar ya kai ga ramin bango. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙasar da ta bushe, ga shatin 'yan yatsu huɗu a jiki, ƙanana. Ya waiga. Yara duk sun matso suna leƙe, in ban da guda da ya laɓe bayan jakin mai gari. Ya aiki sauran su ɗebo masa ruwa, sannan ya yafito ni. Ban jira tambaya ba, na fashe da kuka na ce don Allah kada ya nuna wa Kaka tsuntsun. Ya ce wane tsuntsu? Na nuna akwatin. Sai da na faɗa sau biyu, da majina da komai, kafin ya gane.

Bai yi dariya ba, kuma na so a ce ya yi. Ya ciro katin ya ɗora a gwiwa. Ya ce wata baturiya ce da ke aikin likita ta ba shi ya kai wa ɗiyarsa. A ƙasarsu, in ji ta, lokacin Nowel ƙanƙara ke rufe ƙasa, ita ce farin nan, itatuwa su zubar da ganye, tsuntsaye da yawa su yi ƙaura. Wannan ɗan shi ba ya tafiya, yakan zo har bakin ƙofa neman abinci yana kuka, shi ya sa suke sa hotonsa a katin barka da sallarsu. Jan kuwa gashinsa ne, haka Allah Ya yi shi. Ya ce, "Ƙarfen nan bai san ka ba, bai san garinku ba. Abin da aka tura masa kaɗai yake kamawa." Sannan ya fere bakin wayar ya haɗa, ya je ya ce wa mai gari ɓera ne.

Da magaribar ranar hoto ya fito. Wani mutum da babbar riga ya karanta labarai, bayansa aka nuna kokowa, tsofaffi suna miƙewa suna koya wa 'yan kokowar cikin gilashi yadda ake kamu. Malam Nomau ya gaida mai labarai, ya ji haushi da bai amsa ba. Mai gari ya dangwala yatsa. Ba jandarman da ya zo. Kaka ta kalli kaɗan ta ce idonta na ruwa, na rako ta gida riƙe da kujerarta. Ta ci gaba da watsa tsaki har macen ma ta bar zuwa, daga baya kaji ke cinyewa. Ta rasu ban gaya mata ba.

Yanzu ba shagon da ba tele daga nan har Gidan Amumune, jikokina kuma a tafin hannu suke kallo, kowa da nasa, ba mai shimfiɗa tabarma don wani. Wayoyin nan nasu su ne ma ke kama abin da mutum ya yi da gaske, amma ban ga yaron da hakan ya hana barci ba. Ɗan kabu-kabu kuwa kafin shayi ya huce ya kai ka Mayahi. A lokacinmu ƙafa ce, ko amalanken wanda ya ga dama.

Bitrus ma da ƙafa ya tafi. Washegari da sassafe, jajibirin sallarsu, ya ce zai taka zuwa Mayahi ko Allah Ya sa ya dace da mota, ko da yake kowa ya gaya masa ranar ba a cika samu ba. Mai gari ya ce wani yaro ya ɗaukar masa akwati zuwa bayan gari, shi kuma ya nuna ni. Muka yi tafiya cikin karan gero, sanyi na cin kunnuwana, akwatin na cin wuyana. Da muka kai inda hanya ta rabu ya karɓa ya ɗora a kafaɗa. Na zaci zai mare ni tunda ba kowa, har na runtse ido. Sai na ji ya ce, a hankali, "Na yi wa ɗiyata alkawari tare za mu yi salla. Kai da ka iya dabara haka, faɗa mini, mi zan ce mata?"

Na tsaya ina tona yashi da babban yatsan ƙafa har ya gaji ya juya.