Yajin Jegon da Na Mayar wa Inna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, kuma ni ne mai laifi a abin da ya shiga tsakaninmu. Na daɗe ina cewa ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce, don a lokacin ina da mata, ina da aiki a wani buro, wato ofis, kusa da tashar jirgin ruwa.

Duk wanda ya tashi a Zongo ya san teburin Inna. Citta, kanunfari, masoro, kimba, tafarnuwa, busasshen barkono, kowanne da kwanonsa. Ba ta sayarwa sai ta tambayi abin da za a yi da shi. Mai ciwon haƙori ta ba shi kanunfari ya danne. Mai mura ta haɗa masa citta da masoro ya dafa a shayi. Kimba kuwa takan ce ta mai jego ce, ita ke ɗumama ciki bayan haihuwa. Da teburin nan ta yi mini kuɗin makaranta.

Da matata ta yi haihuwar fari, Inna ta rufe tebur ta zauna daka yajin jego, kamar yadda uwar miji ke yi. Da hannunta ta soya kimbar, ta shanya cittar, ta daka har tafinta ya yi kanta. Ranar suna ta hau zemijan, babur ɗin haya, ta kawo shi gidana a unguwar Vêdoko cikin babban kwano. Abokan aikina na zaune a falo. Tana buɗe murfin yaji ya tashi, wani ya kama atishawa, sauran suka yi dariya. Dariyar ba ta mugunta ba ce, amma ni kunya ta rufe ni.

Na ce, “Inna, fita da wannan. An rubuta mata magani a farmasi, ba ma bukatarsa.”

Ta dube ni, ta mayar da murfin, ta yi wa baƙina sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fita. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma na fake da shirunta. Nakan kai mata atamfa da Sallah, in ce a raina an wuce wurin.

Yau ga yaji a leda a kowane kanti. Waɗancan abokan nawa, da yawansu yanzu ruwan citta da kanunfari suke sha da safe, wai sun gani a waya. Nakan yi tunanin me Inna za ta ce. Ina jin murmushi kawai za ta yi, ta tambaye su ko an wanke cittar kafin a niƙa.

Bana matar ɗana Habibu ta haihu a Abomey-Calavi, dangin yarinyar suka tambaya ko akwai yaji daga ɗakin uba. Mutum ɗaya ce ta san haɗin Inna, yayata Hadiza, wadda ta gaji teburin. Tun ranar sunan da na mayar wa Inna yajinta, gaisuwa kaɗai ke tsakaninmu. Na je na same ta tana tsince masoro, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Farmasin ta rufe ne, Ila?”

Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ranar nan da za ta koma gida, Inna ba ta hau zemijan ba. A ƙasa ta tako har Zongo da kwanon a ka, ta biyo ta lungu don kada maƙwabta su ga an mayar mata da shi. Abin da ya dame ta kada a zage ni ne.

Abin da ya rage na Inna yana hannun Hadiza, da bakin matan da har yau ke cewa a ba su irin na marigayiya. Nawa rabon ni da kaina na zubar da shi.

Na durƙusa a gaban teburin, mutane na wucewa. Na ce, “Yaya, na wulaƙanta Inna a gaban baƙi, kuma na bari ta tafi ban roƙe ta gafara ba. Ke kika rage mini. Ko ba ki daka yajin ba, ki yafe mini.”